Soron Kaka: Na Mai Gida Ne Ko Na Tarihi?

A hutun da ya wuce, damina tana ɗaukewa, na tafi gida. Garinmu wani ɗan ƙauye ne bisa tudu yana kallon fadamar Rima, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba a babur daga Argungu. Ina sauka, tun ban ajiye jaka ba, sai na ga abin da ya sa gabana ya faɗi. Soron kakanmu, wanda a cikinsa aka haifi mahaifina da ƙannensa duka, babu shi. Inda yake da sai tulin jar ƙasa, awaki suna hawa suna sauka, ga kuma bulo an jera gefe guda yana jiran birkila. Azarorin rufin kuwa an jingine su jikin darbejiya kamar itacen girki.

Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar tsofaffi, yana zaune bisa dakali. Bayan mun gaisa sai na kasa haƙuri, na ce, "Baffa, ashe an rushe soron Kaka? Ai wannan tarihi ne." Ya dube ni, ya daɗe bai ce kome ba. Can sai ya ce, "Ɗana, tarihin ga naka, daminar bana saura kaɗan shi kashe ƙannenka. Kai kana can makaranta ƙarƙashin fanka, mu muna nan muna tara ƙorai tsakar dare. In kana son shi, ga ƙasa nan, kwashe ka tahi da ita jami'a."

Na yi shiru, don ba a musu da babba, kuma gaskiya ba ni da abin cewa. Amma maganar ta biyo ni har makaranta, ta hana ni sakat, shi ya sa na ga ya kamata in kawo ta gaban 'yan'uwa ɗalibai mu duba tare. Tambayar ita ce: tsohon gini wanda kakanni suka bari, na wanda ke kwana cikinsa ne shi kaɗai, ya bari in ya so ya rushe in ya so, ko kuwa jama'a ma suna da hakki a ciki? In suna da shi, wa zai biya?

Kafin a yanke hukunci ya kamata mu san abin da ake magana a kai. Da yawa daga cikinmu a gidan ƙasa aka yanke mana cibi, amma ba mu taɓa tsayawa mun ga yadda ake tayar da shi ba. Gini aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona gida. Magini ba ya son baƙar lakar fadama, don in ta bushe tsagewa take yi. Jar ƙasar tudu mai tsakuwa yake nema, kuma ramin da aka haƙo ta shi ne ke zama kududdufin da muke gani bayan gari. A jiƙa ƙasar, a zuba mata ciyawa da kashin doki ko na jaki, samari su shiga su tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana ta tsima, a sake jiƙawa a sake tattakewa. Daga nan a cura tubali da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya ya sha rana kamar mako biyu. In an fara ɗora bango, magini yana zaune bisa ginin kamar mahayin doki, yaro yana ƙasa yana jefa masa tubali da curin ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ba a gaggawa. Sai sahun jiya ya bushe a ɗora na yau, kuma bangon yana da kauri a ƙasa, yana siranta yayin da yake tashi.

Wurin rufi nan ake sanin gwani. Azara daga giginya ake tsaga ta, an fi son namijin, don gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma azara tana da iyaka: in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa 6, ba ta ɗaukar nauyin ƙasar da za a zuba mata. To, maimakon wannan ya tsayar da magina, sai ya zama shi ne tushen hikimarsu. Suka riƙa fito da guntayen azara daga bango hawa-hawa, kowane hawa yana ɗan zarce na ƙasa da shi, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarori biyu su haɗu a sama su zama baka. In bakuna suka ratsa juna sai a sami ɗaurin guga, a yi tulluwa a kai. A shimfiɗa zana bisa azara, a zuba ƙasa, a fitar da indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Sa'an nan a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, mai hali kuwa ya sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin akuya da dafara. Na ƙarshe mata su taru su yi daɓe, da maɗaɓai a hannu da waƙa a baki.

Ba kowa ke da soro ba, kada mu yaudari kanmu. Yawancin ɗakunan ƙauyukan Kabi kewayayyen bango ne da jinka. A ƙasa ake haɗa tsaiko, a yanta shuci a baibaye, sa'an nan a yi kira maƙwabta su zo a ɗaga jinkar gaba ɗaya a ɗora. Abin lura a nan shi ne, daga haƙar ƙasa har zuwa daɓe, babu wani mataki da mutum ɗaya ke iya yi shi kaɗai. Kuma ranar da aka gama ginin ba a gama ba ke nan. Kowace shekara ruwan Agusta zai ci nasa rabo, kowane rani sai an sake yaɓe, bayan 'yan shekaru a sake baibaya. Gidan ƙasa kamar dabba yake, kullum yana son kiwo. Shekara uku aka yi ba a taɓa shi ba, sai ya fara komawa inda ya fito.

Yanzu mu duba me aka adana a ƙasar Kabi. Akwai Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai. Ganuwarta ta dutse da ƙasa tana nan cikin daji, a yankin da yanzu ya faɗa Jihar Sakkwato, ko da yake sarakunan Kabi sun bar ta sun koma Birnin Kebbi tun farkon ƙarni na 18. An sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, kuma a 2007 Nijeriya ta miƙa sunanta cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su. Akwai kuma Gidan Nabame a Argungu, wanda ake danganta shi da Sarkin Kabi Yakubu Nabame, ɗan Sama'ila Karari, wanda ya ɗaga tutar Kabawa a 1849. Nan ne fadar sarki har 1942, a 1958 aka buɗe shi ya zama gidan tarihi mai sunan Kanta. Wanda ya shiga zai ga makamai da tambura da kayan su, ga kuma kaburburan sarakuna. Duk wanda bai taɓa zuwa ba, ina ba shi shawara ya je, gani ya kori ji.

Amma ka lura, ya ɗan'uwa mai karatu, duk na sarakuna ne. Labarin baka ma da ake bayarwa game da Surame yana da ban tsoro in an natsu. An ce Kanta ya tara mutanen ƙasashen da ke ƙarƙashinsa su yi masa aikin ganuwa, Nufawa suka makara, sai ya ce su nasu ɓangaren da man kaɗe za su kwaɓa ƙasarsa maimakon ruwa. Mukan ba da wannan labari da alfahari, don ya nuna ƙarfin Kanta. To, su waɗanda suka ɗauko duwatsun a ka fa, ina suka kwana? Yaya ɗakunansu suke? Ganuwar da aka tilasta musu ta rayu shekara 500, ɗakin da suka gina wa kansu don kansu ko alamarsa babu. In jikokinmu suka tashi neman yadda Bakabe ya rayu, za su sami takobin sarki da tambarinsa, amma ba za su sami ɗakin da matar masunci ta yi jego a ciki ba. Tarihin da aka adana ta haka rabin tarihi ne, kuma wannan shi ne abin da ya sosa mini rai da na ga tulin ƙasar nan.

A Ingila sun bi wata hanya. Bayan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun rushe musu gine-gine da yawa, sai suka yi dokoki a 1944 da 1947 waɗanda suka sa gwamnati ta rubuta tsofaffin gine-ginen da suka cancanci kariya, daraja uku. Fiye da 9 cikin 10 suna daraja ta ƙasa, kuma a cikinsu akwai ɗimbin ƙananan gidajen ƙauye na manoma da masaƙa. Kusan duk ginin da aka yi kafin 1700, in dai bai sake kama ƙwarai ba, yana cikin littafin. Abin da zai ba ɗan'uwa mamaki, a yankin Devon da yawa daga cikinsu da ƙasa da ciyawa aka gina su, rufin kuma na ciyawa, watau dai ginin ƙasa da jinka irin namu, sun yi shekaru ɗaruruwa ana kwana cikinsu. A wani ƙauye mai suna Bibury akwai jerin ɗakunan dutse da aka gina wajen 1380 don ajiyar ulu, aka mai da su gidajen masaƙa a ƙarni na 17, har hotonsu ya taɓa shiga cikin fasfon ƙasar. Mai irin wannan gida ba shi da ikon rushewa ko sake masa fasali sai da izinin hukuma, in ya yi gaban kansa laifi ne da kotu ke hukuntawa.

Da na fara karanta wannan sai na ce, kai, ga abin da muke bukata. Amma da na ƙara tunani sai zumuɗina ya ragu. Da farko, su wa ke zaune cikin waɗannan gidaje yau? Galibi ba jikokin leburorin gonar da aka gina wa su ba ne. Masu kuɗi ne daga birane, waɗanda ke da halin biyan mai baibaya da mai gyaran bango, suna da wuta da ruwan famfo da abin ɗumama ɗaki. An ceci gidan talaka, amma sai bayan talakan ya fita. Na biyu, doka irin wannan tana bukatar hukuma mai ido da aljihu. Mu ma muna da tamu: an yi dokar kayan tarihi a 1953, aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa da doka ta 77 a 1979. Duk da haka, wani tsohon gida a Legas mai suna Ilojo Bar, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, an kai masa katafila an baje shi a 2016. In takardar gwamnati ba ta tsare gida a tsakiyar Legas ba, ina za ta tsare soro a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina?

Na uku, kuma shi ne ya fi nauyi. A ce ma dokar tana aiki. A ce wani ma'aikaci ya zo daga Birnin Kebbi da takarda ya ce wa Baffa, wannan soro ya shiga littafi, ba ka da ikon taɓa shi. Ma'aikacin zai koma gidansa na siminti a Gesse ya kunna fanka, Baffa kuma ya ci gaba da kwana da ido ɗaya duk daren da hadari ya haɗu. Mutanen fadamar Rima ba su manta ambaliyar 2010 da ta 2020 ba, kuma kowa ya san in ruwa ya kwanta a gindin bangon ƙasa kwana biyu, abin da ke biyo baya. Wane irin adalci ne a mai da mutum mai gadin gidan tarihi, ba albashi, ba a ma tambaye shi ba, don wasu su zo sau ɗaya a shekara su ɗauki hoto? Mutanen Jenne ta ƙasar Mali, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 1988, sun sha kokawa da haka: baƙi suna yaba kyan garin, su kuwa masu gida ana hana su gyara ɗakunansu yadda za su ji daɗin zama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kan wannan na sallama, Baffa ya fi ni gaskiya. Rai ya fi bango, kuma ni da ban taɓa aika ko kwabo don yaɓe ba, ba ni da bakin kuka.

To, in haka ne, magana ta ƙare ke nan? Ina ganin ba ta ƙare ba, don akwai wata tambaya a ƙarƙashin ta farko: shin mene ne ma ainihin abin da muka gada a cikin soron?

Masana falsafar Girka na da sun yi muhawara a kan wani jirgin ruwa da mutanen Atina suka adana don tunawa da jaruminsu. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har aka wayi gari babu katako ɗaya na asali. Suka ce, shin jirgin nan shi ne na da ko wani ne? Mu ba sai mun je Atina ba. Soron Kaka an yi masa yaɓe ya fi sau 60. An taɓa sake rufinsa tun ina yaro, an sake bangon gabas bayan wata damina. Ƙasar da kakana ya taɓa da hannunsa, yawancinta ruwa ya daɗe da mai da ita fadama, wataƙila ma mun ci ta cikin shinkafa. Duk da haka ba wanda ya taɓa shakkar cewa soron Kaka ne. Ashe ke nan abin da ya ɗore ba ƙasar ba ce. Fasalin ne ya ɗore, da sanin yadda ake mai da shi, da mutanen da suka yarda su taru kowane rani su mai da shi. Babban masallacin Jenne da ake gani yau a 1907 aka gina shi, kuma abin da ya riƙe shi shi ne duk shekara gari kan fito ƙwansa da kwarkwata a yi masa yaɓe cikin biki. A Japan akwai wurin ibada a Ise da suke sake gina shi sabo fil kowace shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, kuma ta haka kowane tsara na kafintoci ke koya daga na gabansa.

Misali mafi kusa yana nan Matan Fada. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Me aka rubuta? Ba wata homa guda ba ce, ba wani gora guda ba ne. Homa takan tsufa a saƙa wata, gora yakan fashe a fafe wani. Abin da aka ga ya cancanci kariya shi ne iyawar da ke hannun mutane. Mun gane haka game da su, amma ba mu gane ba game da gini.

In an dubi abin ta nan, sai a ga soron Kaka ya daɗe da fara mutuwa kafin Baffa ya sa masa diga. Ya fara mutuwa ranar da gayya ta mutu, samari suka tafi ci-rani ko suka hau kabu-kabu, aikin da da tuwo da fura ke biya ya koma sai an ƙirga naira. Ya ƙara mutuwa da giginya ta yi ƙaranci azara ta yi tsada. Rabon gado ma ya taimaka: gida ɗaya magada goma, kowa na da rabo a ciki, amma in an zo yaɓe kowa ya dubi ɗan'uwansa. Ga kuma siminti ya zo har ƙofar gida, tun da masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, aka shiga shekarun kuɗin mai, lokacin da a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka cushe tashar Legas. Da Birnin Kebbi ta zama hedkwatar jiha a 1991, sai sababbin unguwanni suka tashi, duk bulo da kwano, ɗan ƙauye kuwa abin da ya gani a birni shi yake so.

Amma akwai wani dalili da ba mu cika son faɗa ba, don ya shafe mu. Kunya ce. Wa ya koya wa mutanenmu cewa gidan ƙasa alamar talauci ne? Ba Baffa ya ƙirƙiro wannan ba. Mu ne, 'yan boko. Duk wanda ya kama aiki a cikinmu, abin da zai fara yi don a san ya isa shi ne ya rushe zauren ubansa ya yi na bulo. Saurayi ya je neman aure, a tambaya ɗakin na siminti ne ko na ƙasa. Mun yi shekara 50 muna nuna wa ƙauye da aikinmu cewa ƙasa abin gudu ce, yau kuma mun karanta littattafai biyu mun dawo muna cewa tarihi ne. Abin dariya, Turawan mulkin mallaka na farko a gidajen ƙasa suka zauna, waɗanda maginan Hausa suka gina musu. Gidan Ɗan Hausa yana nan a Kano shaida. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, wanda masana gini na duniya ke yabo, a shekarun 1970 aka rushe wani sashe nasa aka lulluɓe saura cikin ginin kankare. Wanda ke son ganin cikakken fasalinsa sai ya je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka yi kwatancinsa bisa awon da wani masani ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya yi. Ba talakawan ƙauye suka yanke wannan shawara ba.

Kuma ba a ce abin da muka musanya da shi ya fi ta kowace fuska ba. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40. Bangon ƙasa mai kauri yakan shanye zafin rana a hankali, ɗaki ya yi sanyi da tsakar rana, sai dare ya sake shi. Ɗakin bulo da kwano ba silin kuwa tanda ne, kowa ya sani, shi ya sa da bazara masu shi ke kwana a tsakar gida. Wasu kuma sukan ce bari su raba gardama, su shafe bangon ƙasa da siminti. Wannan ya fi muni, don simintin ba ya kama ƙasa, danshi ya shiga bayansa ya kasa fita, sai a wayi gari ya ɓanɓare da rabin bangon.

Saboda haka ra'ayina ya tsaya a nan. Bangon na Baffa ne, yana da ikon rushewa, kuma ba na son dokar da za ta ɗaure masa hannu ba tare da ta sa masa kome a aljihu ba. In jama'a suna ganin wani soro ko wani zaure na ƙauye ya cancanci a bar shi, to, jama'a su ɗauki nauyin yaɓensa, da yardar mai shi. Amma iyawar da ta tayar da bangon ba ta Baffa ba ce shi kaɗai, ba kuma tawa ba ce. Amana ce da ta ratso hannaye da yawa kafin ta iso mu, waɗanda ba a haifa ba tukuna suna da rabo a ciki, kuma su ba su da bakin da za su yi magana a taron gado. Jikan da zai zo lokacin da siminti ya gagari talaka, zafi kuma ya ƙaru, yana da hakkin ya tarar da wanda ya san ɗaurin guga. Wannan bashi kuwa ba a kan mai tara ƙorai tsakar dare yake ba. A kanmu yake, mu da za mu riƙe albashi, mu zauna a ofisoshin da ake zana makarantu da asibitocin ƙauye.

Kuma abin ba mafarki ba ne, maƙwabtanmu sun gwada. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, wani magini na ƙauye, Falke Barmu, ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, cikin jihar Tawa har wa yau, mutanen gari sun so sabon masallaci. Maimakon a baje tsohon, sai masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Hausawa ne kamarmu, ƙasarsu ba ta fi tamu ruwa ko kuɗi ba. A gina harsashi da dutse ko siminti don ambaliya, a ɗora ƙasa a kai, a yi rufi mai tsare bango, wannan ba ya fi ƙarfin injiniyoyinmu.

Sai dai fa in faɗi gaskiya, na yi wa kaina tambayar da ta fi kowace zafi. In na gama karatu na sami fili a Birnin Kebbi, da ƙasa zan gina? Na daɗe ina juya ta. Na tuna abokai, na tuna surukai da ba a ma samu ba tukuna, na ji kunyar nan da nake zargin wasu da ita tana motsi a cikina. Har yanzu ban ba kaina amsar da zan iya rubutawa a mujalla ba.

Ana jibi zan dawo makaranta na je gai da tsohon maginin garinmu, wanda ya yi wa soron rufinsa na ƙarshe. Idonsa ya yi rauni. 'Ya'yansa biyu, ɗaya birkila ne a Birnin Kebbi, ɗaya yana kabu-kabu a Argungu. Na fito da littafi da biro, na ce, "Baba, so nike ka gaya mini yadda aka ɗaurin guga in rubuta." Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kawo hannunka." Na miƙa, ya shafa tafin, ya ce, "Wanga hannu ko gero bai taɓa sussuka ba. Abin ga ba a faɗinai da baki, yaro. In da gaske kake, ka zo in hunturu ya kama, ka zo da tsohon wando. Rumbun maƙwabcina na son gyara, nan za mu fara."

Na ce masa azarorin soron suna nan jingine, Baffa ya ce in ina so in ɗauka kafin mata su sa su a murhu. Ya sa jikansa ya ja shi har gindin darbejiyar. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sandarsa yana saurare. Guda 23 ne. Ya ware huɗu ya ce a ba mata, sauran 19 ya ce a ɗaga su daga ƙasa a aza bisa duwatsu, a rufe da zana, kada rana ta yi ta dukansu.